Ƙidaya 'ya'yan itace da guda ba awo ba ne

Da yawa daga cikin masu lissafin kalorin abincinsu, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki, sun ɗauka cewa rubuta "ayaba ɗaya" ko "mangwaro ɗaya" ya wadatar, alhali kuwa alƙaluman da ake dogaro da su na nauyi ne, kuma na tsokar da ake ci kaɗai. Giram 100 na ɓararriyar ayaba yana ɗauke da kalori kusan 89, na mangwaro kusan 60, na kankana kuwa 30 kacal. Tun da babbar ayaba tana iya ninka ƙarama a nauyi, ƙidaya da guda ba ta da tabbas ko kaɗan.

Masu sikeli ma suna yin kuskure idan suka ɗora ayaba da ɓawonta, domin ɓawon yana kai kusan sulusin nauyinta. Shi kuwa mangwaro, wanda rabuwa da ƙwallonsa ke da wuya, ya fi sauƙi a auna shi duka, a sha, sannan a auna ɓawon da ƙwallon a debe nauyinsu daga awon farko.

Dabino ya fi buƙatar kula, musamman lokacin buɗa baki, saboda giram 100 nasa yana kai kalori kusan 280.