Hutunku na ƙauye, wa ya biya kuɗinsa?

Duk kun ga hotunan 'yan birni masu hutu a ƙauye, saboda haka ba sai na sake ɗora su ba. Hutun 3 ga Agusta, ranar dashen itace a Nijar, ya haɗe da Asabar da Lahadi, mutanen Yamai suka cika motoci suka nufo Adar a yankin Tahoua, yanzu kuma Facebook ya cika da gonaki kore shar da rubutun "babu kamar natsuwar ƙauye". Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na bawan Allahn nan da ya jera 'ya'yansa a tsakiyar gonar kawunsa, takalmansu a kan yaɗon wake, ya rubuta cewa sun fito shan iska. Madalla da shan iska. Kawun nasa yana can baya cikin hoton, a duƙe da hauya yana maimai, ko sunansa ba a ambata ba.

Abin da kuke kira hutu aiki ne da kuka ɗora wa wasu, kuma a watan da ba su da sararin ɗaukarsa. Duk wanda ya tashi a karkarar Tahoua ya san Agusta. Rumbu ya yi ƙasa, tsohon gero ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba, tiya ta yi tsada a kasuwa, sannan a gidaje da yawa majiya ƙarfin suna Abijan ko Libiya wajen nema. A wannan hali ne mota ke tsayawa a ƙofar gida ta sauke mutum takwas ba tare da ko sallamar waya ba.

Inna ce za ta tashi tun kafin assalatu ta yi surfe, ta yi daka, ta kirɓa fura, domin maigidan birni ya rantse cewa furar injin ba ta yi masa daɗi. Zabuwar da ake tattali saboda ƙwai ita za a yanka. Yarinyar gidan, wadda ya kamata ta kai abinci gona, za ta wuni tana jigilar jarkoki daga famfo, domin baƙi sun saba wanka safe da yamma. Kowa kuma na miƙo salularsa a sa masa caji a ɗan farantin hasken ranar da ke riƙe da fitila ɗaya tak ta gidan. Ku kuka huta. Su ba su huta ba.

Na san abin da za a ce, ai zumunta a ƙafa take, kuma mun ratso Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar fiye da kilomita 500. Sannunku da hanya. Man da kuka ƙona gidan mai kuka biya, bai shiga tukunyar Gwaggo ba. Wasu za su ce sun kawo tsaraba, wato burodi da sabulu da kwalin shayi, wanda su da kansu suka shanye rabinsa a gindin bedi. Masu cewa "ai murna suke yi da zuwanmu" kuwa, gaskiya ne suna murna, amma mutumin da aka raina a kan baƙonka annabinka ba zai taɓa buɗe baki ya ce kun yi masa nauyi ba, ko da bashi ya ciyo ya ciyar da ku.

Shi kansa koren da kuke ɗauka hoto ba daga sama ya faɗo ba. A wajajen Illela da Badagishiri, faƙo ne mutane suka fasa da hannu, suka haƙa ramukan tara ruwan sama da ake kira tassa da rabin wata, suka zuba taki, har ƙasar da ta mutu ta sake ba da gero. A Keita, tun daga 1984, mata ne suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka ana tare zaizayar ƙasa. Layukan itatuwan kwarin Majiya da ke kare gonaki daga iska, dasa su aka yi tun daga 1975. Wanda ya san wannan ba zai bar ɗansa ya taka shuka don hoto ya yi kyau ba, zai bi da shi ta kan iyakar gona, ya nuna masa gawo, ya gaya masa abin da ya sa shi kaɗai yake tsaye babu ganye a tsakiyar damina.

Wallahi ba cewa nake kada ku zo ba. Tsofaffinmu suna kewar jikokinsu, kuma yaron da bai san gidan kakansa ba an cuce shi. Amma a aiko da buhun shinkafa ko na gero kafin a iso, uwargida ta kama taɓarya, maigida ya cire babbar riga ya karɓi hauya ko da na safiya ɗaya ne, a zauna da tsohuwa a ji ciwon ƙafarta, salula na cikin aljihu. Wanda ba zai iya ba ya jira hutun 18 ga Disamba, lokacin an gama girbi, rumbu ya cika, masu gida kuma suna da lokacin hira.

Tunda ma ranar dashen itace ce ta kawo ku, na ga 'yan bedin da kuka dasa a bakin hanya, kowa riƙe da butar ban ruwa yana murmushi. Ban ga wanda ya kewaye nasa da ƙaya ba, alhali da an kwashe amfanin gona za a saki awaki. Ledojin ruwan da kuka watsar a wurin ma su ɗin ne za su cinye.