Nauyin haraji kaɗai ba ya haifar da yaƙi

Marubucin wani labari ya ce tsananin haraji ne ya jefa Amurka yaƙin neman 'yanci daga Ingila, amma da sauran magana. Harajin hatimi na 1765, wanda ya hau kan jaridu da takardun kotu, Ingila ta soke shi a 1766 da fatake suka ƙaurace wa kayanta. Dokar shayi ta 1773 ma araha ta sa ganyen ya yi. Kwabo uku kan kowace laba da aka bari su suka tsaya wa Amurkawa a rai, don majalisar Ingila da ta ɗora ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. Suka zubar da akwatin shayi 342 a tekun Boston, Ingila ta rufe tashar jiragen ruwan garin a 1774, bindiga ta tashi a Afrilun 1775. Wani mai sharhi ya kawo misalin matan Aba, a kudu maso gabashin Najeriya, da suka yi bore kan haraji a 1929, ai an harbe sama da hamsin, ba a kuma kai ga yaƙi ba. Nan Jos harajin tsabar kuɗi ramin kuza ya tura kakanninmu. Bambancin shi ne, a lokacin Amurkawa suna da majalisunsu da mayaƙan sa-kai, daga baya Faransa ta mara musu baya. Me ya sa labarin ya tsallake wannan?