Majinyacin Da Ba Ya Kai Ƙara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau kwana bakwai ke nan da muka raka malaminmu makwancinsa. Likitan dabbobi ne, ya fi shekara arba'in a kan aikin, kuma a hannunsa na koyi riƙe sirinji. Ba zan kama sunansa ba, domin ko yana raye ba ya son a yi ta yayata shi. Mu dai Baba Likita muke ce masa, Fulani kuma su ce Dokta. Tun a maƙabarta wata magana tasa take ta yi mini yawo a rai, na ga gara in rubuta ta, ko Allah zai sa wani ya amfana, ladan ya iske shi a kabari.

Wata shekara da kaka muka fita rigakafin ciwon huhu na shanu. Allurar daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom ake kawo ta, a bushe cikin 'yan kwalabe. Ƙwayar cutar ce da ranta, an dai karya mata lago, saboda haka zafi kashe ta yake yi. Dole ta zauna cikin ƙanƙara har bakin ruga, kuma da an haɗa ta da ruwa sai a yi maza a gama da ita. Ni aka damƙa wa kular. A hanya tayar babur ta yi faci, muka tsaya wajen mai gyara, na ajiye kular a rana na shiga inuwa ina hira. Ashe murfin ma bai zauna ba. Kafin mu isa, ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi.

Ga Arɗo ya tara shanu tun safe, Bunaji farare tas, ba a sake su kiwo ba saboda mu. Yara sun riƙe igiyoyi, an dama mana fura har da nono mai sanyi. Cikina ya ɗuri ruwa. Na matsa kusa da Baba Likita, na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, mu yi musu haka nan mana. Wa zai sani?"

Bai amsa ba sai da ya tsoma yatsa cikin ruwan kular. Sannan ya ce, "Ɗana, likitan mutane in ya yi ha'inci, majinyaci na iya kai ƙararsa. Namu majinyacin ba ya magana. Amma akwai ranar da zai yi."

Ya tashi ya je gaban Arɗo ya durƙusa, ya ce maganinmu ya lalace a hanya, yau babu allura, a yi mana haƙuri. Ran Arɗo ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa, shanu sun wuni a tsaye da yunwa. Bayan kwana uku muka koma da sabuwar allura, mai kuwa daga aljihun Baba aka zuba. Har ya koma ga Allah bai taɓa faɗa wa kowa cewa ni ne na bar kular a rana ba. Yau ni nake tona wa kaina asiri.

Sai daga baya na gane nauyin abin da na so mu yi. Saniyar da aka tsira wa matacciyar allura ta fi wadda ba a yi wa ba shiga haɗari, domin mai ita ya saki jiki. Zai kai ta mashaya ta cuɗanya da kowane garke, zai kai ta kasuwa. Ranar da tari ya kama ta ta faɗi, ba ni zai zarga ba, cewa zai yi allurar gwamnati ƙarya ce, kuma kafin damina maganar ta zagaye rugage goma. Baba ya san wannan tun yana saurayi. Bai daɗe da fitowa daga jami'a a Zariya ba annobar bushiya ta 1983 ta auko wa shanun Arewa. Ya ba mu labarin mutumin da ya kwana da garke ya wayi gari da sanda kawai, da kuma yadda wasu makiyaya ke ɓoye shanu a daji in sun hango masu rigakafi, don tsoron kada ya zama ƙidayar jangali ce ta dawo. A 2011 aka yi shelar an kawar da bushiya daga doron ƙasa, cuta ta biyu ke nan da aka taɓa gamawa da ita bayan agana. Ranar ya yi ta hamdala. Ya ce ba ƙarfin magani kaɗai ya kore ta ba, har da yardar da Bafulatani ya yi ya kama sansa da hannunsa ya miƙa wa baƙo.

'Yan uwa, maganar Baba ba tasa ba ce, aro ya yi. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya shiga lambun wani mutumin Madina, wani raƙumi ya gan shi ya kama gurnani, idanunsa na zubar da hawaye. Annabi ya shafa bayan kunnensa har ya natsu, ya nemi mai shi, ya ce masa ashe ba zai ji tsoron Allah ba game da dabbar da Allah ya mallaka masa, ga shi ta kawo ƙara cewa yana barin ta da yunwa yana wahalar da ita. Wancan raƙumin ya samu mai saurarensa tun a duniya. Namu sai ranar da Muslim ya ruwaito cewa har tunkiya marar ƙaho za a rama mata abin da mai ƙaho ta yi mata. In har tsakanin tunkiya da tunkiya akwai hisabi, ina ga tsakanin tunkiya da mai hankali? Mun haddace labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. A baki muka haddace su.

Je ka kara ranar kasuwa ka gani. Mai magani ya baje kwalabe a tabarma cikin tsakiyar rana, wasu ma kwanansu ya ƙare, yana rantsuwa da Allah cewa yanzu aka sauke su. Wani ya ga sansa ya fara kasawa, ya ɗirka masa allura yau, gobe ya kai mayanka, alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci naman ko a sha nonon. Wa zai ci? Ɗan wani, wataƙila ma naka. Ga shanun da ake cusawa a tirela zuwa Kudu, kwana biyu ba ruwa, wanda ya faɗi 'yan uwansa su tattake shi. Ga kaji a rataye a bayan babur, kai a ƙasa. Ga jaki da gyambo a gadon baya, an ɗora masa mangala a kan gyambon. Da layya kuwa, mai ibada ne da kansa zai wasa wuƙa a gaban ragon, ko ya yanka ɗaya ɗan uwansa na kallo, bayan Annabi (SAW) ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har yanka, a wasa wuƙa a hutar da abin yankan.

Wanda ba shi da ko kaza kada ya ce ya tsira. Kowa da nasa majinyacin da ba ya kai ƙara. Yarinyar aikin da ke wanke-wanke a gidanka, marayan da gadonsa ke hannunka, tsohuwar da ba ta iya karanta rasit. Kowannenmu akwai lokacin da ya ce a ransa, wa zai sani?

Ba ina nufin Baba ba shi da aibi ba ne. Akwai faɗa. In ka bar sirinji ba ka tafasa ba, ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu. Ya taɓa kora ta gida don na yi wa akuya allura ban fara duba dasashinta da idonta ba. Na yi fushi har kwana biyu. Yanzu ni ma haka nake korar yarana, kuma duk sanda na yi, muryarsa nake ji a bakina. Ilimi mai amfani na cikin abubuwa uku da hadisi ya ce ba sa yankewa bayan mutuwa, ina yi masa fatan wannan.

Ranar uku wani dattijon Bafulatani ya zo ta'aziyya da ƙwaryar nono a ɗaure a bayan keke. Ba wanda ya san shi a cikin iyalin. Ya zauna a gefen tabarma, aka yi addu'a aka shafa, bai tashi ba. Can ya ce shekarun baya Dokta ya zo rugarsa da tsakar dare cikin ruwan sama, saniya ta kasa haihuwa, ya tuɓe riga ya sa hannu har kafaɗa ya juyo ɗan maraƙin, bai karɓi ko sisi ba. Ya ce wannan nonon na jikar saniyar ce, a ba iyali. Aka shiga da ƙwaryar cikin gida.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Duk wanda ke bin sa bashi, ko ya san akwai wani haƙƙi tsakaninsu, don Allah ya neme ni, zan haɗa shi da iyalin.