Rasit ya cika leda, kwatarmu na nan a toshe

Yau da safe ko shago ban gama buɗewa ba, ina cikin kwashe ruwan da ya kwana a bakin ƙofa da bokiti, sai ga mutumin nan na ƙaramar hukuma da ɗan littafin rasit ɗinsa, wai Malam a kawo na yau. Na ce masa ɗan'uwa dubi ƙafarka tukuna, cikin me kake tsaye? Ya duba, ruwan kwata ne baƙi ƙirin har idon sawu, ya ɗan ja da baya ya ce shi fa wannan ba sashensa ba ne, shi na kuɗin shiga ne. Wallahi wannan maganar ce ta tsaya min a maƙoshi tun safe, ko koko ban iya sha ba. Wato sashen karɓa yana da ma'aikaci mai sammako, sashen yashe kwata kuwa shekara nawa ko ƙeyar mutum ɗaya ba mu gani ba.

Ni tela ne, kuma ina da wata ɗabi'a da maƙwabtana suke min dariya a kanta, ba na yar da rasit. Duk wanda aka yanka min sai na cusa a wata baƙar leda da ke rataye a bayan keke. Yau haushi ya sa na zazzage ta a kan tebur na zauna na yi lissafi. Tikitin kullum naira 200, kwana shida a mako, a shekara ya haura dubu 60, ga kuɗin shago na shekara, ga kuɗin allon da na kafa a bakin titi wanda ni na sayi fentina na biya mai rubutu, ga wani wai shi kuɗin tsafta, wannan shi ne ma ya fi ba ni dariyar takaici. Ban ce kada a biya ba fa, kar wani ya juya min magana. Ni ɗan kasuwa ne, na san in ka ba da kuɗi kaya kake karɓa. In mutum ya kawo min shadda ya biya kuɗin ɗinki sallah ta zo ban ɗinka ba, har gida zai biyo ni da rashin mutunci kuma yana da gaskiya. To ni wa zan bi har gida?

Abin da ya fi ci min rai shi ne komai sau biyu muke biyansa. Na biya kuɗin tsafta, sannan in sake ba yaro mai baro ya kwashe min shara, shi kuma ya je ya juye ta a bakin kwalbatin nan saboda ba wani wajen zubawa, motar kwasar shara rabon da mu ganta tun wani zuwan manyan baƙi, sai ruwan sama ya zo ya tura sharar cikin kwata, kwata ta toshe, ruwan ya dawo ƙofar shagona, ka ga kuɗina ne ya zaga ya dawo min a ruɓe. Ruwan sha kuma fa? Akwai rijiyar burtsatse a bayan layinmu da aka ƙaddamar da kiɗa da maroƙa, an rubuta sunan mai girma ɓaro-ɓaro a jikin tankin, ba ta yi wata huɗu ba famfon ya lalace, yanzu awaki ne ke kwana a inuwarta, mu kuma kullum muna hannun 'yan garuwa, jarka a yau wani kuɗi gobe wani.

Watan jiya 'yata ta kwana da zazzaɓi, uwarta ta kai ta asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Ma'aikaciya ɗaya tal, baiwar Allah tana iya ƙoƙarinta, ita ce mai yankan kati ita ce mai allura ita ce mai karɓar haihuwa, amma kabad ɗin magani wayam, ko abin gwajin maleriya babu. Takarda ta rubuta aka tafi kemis. Makarantar firamare kuwa ban ma son tayar da zancen, aji biyu iska ta yaye rufinsu tun damunar bara, yara a ƙasa kan buhu, dole na cire nawa na kai su ta kuɗi, ba don ina da shi ba.

Har maƙabarta jama'a. Mutane da yawa ba su san cewa a kundin tsarin mulki na 1999 an jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya ba, kasuwa, tashar mota, mahauta, kwasar shara, magudanan ruwa, hanyoyin cikin unguwa, rajistar haihuwa da mutuwa, har da maƙabarta. Amma katangar tamu da ta rushe karo-karo muka yi a masallaci, wani buhun siminti wani bulo goma, tsofaffin da ke haƙan kabari kuwa sai abin da masu gawa suka miƙa musu.

In ka yi magana sai a ce ai ba kuɗi, gwamna ya riƙe a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Na yarda akwai gaskiya a nan, ba yau aka fara kukan ba. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, kasonsu daga asusun tarayya kashi 20.6 cikin ɗari ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin da ake rabawa a Abuja duk wata ya ƙaru sosai, mu da muke sayen fetur ɗin da tsada mu muka san daga aljihun wa ƙarin ya fito. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma a daina ba kantomomin riƙo, sai zaɓaɓɓu. Ranar har shewa muka yi a majalisa, mun ɗauka kakarmu ta yanke saƙa. Ni dai a layinmu ko cokali ɗaya na ƙasa ban ga an zuba a rami ba tun daga lokacin. Na kuma san albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya yana cin kaso mai yawa, ban musa ba.

Amma tsaya, naira 200 ɗina fa? Ita ba ta je Abuja ba, ba ta bi ta gidan gwamnati ba, daga hannuna ta shiga hannun mai rasit. Ku ƙirga shagunan da ke kasuwarmu, da masu tebur, da masu baro, da 'yan adaidaita da ake tarewa a tasha, da kowace dabba da aka yanka a mahauta, kullum ta Allah. Wannan kuɗin ina yake shiga? Wani lokacin ma rasit ɗin ba lamba ba hatimi, kala biyu a mako ɗaya, ka tambaya a ce an ba wani kwangilar karɓa ne.

Baba, Allah Ya ƙara masa lafiya, in na kai masa wannan ƙorafin dariya yake yi. Ya ce zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, haraji ba wasa ba ne, mutum kan gudu ya bar gari saboda shi, shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979 talakawa suka yi ta murna. Amma ya ce a lokacin in duba-gari ya shigo layi kowace mace sai ta leƙa randarta, kuma harajin sau ɗaya ne a shekara, kowa ya san nawa ne. Ya ce ku yanzu an yayyanka muku shi ƙanana-ƙanana kuna biya kullum, duba-garin ne kawai aka soke.

Mun gwada bin hanya fa, kar a ce surutu kawai muka iya. Mu biyar muka rubuta takarda da sa hannun mai unguwa muka tafi sakatariya ranar Talata wajen ƙarfe sha ɗaya. Ofisoshi a garƙame, sai mai gadi da rediyonsa da wani masinja yana gyangyaɗi a benci. Ciyaman? Yana babban birni wajen taro. Daraktan ayyuka? Bai shigo ba tukuna. Mai gadin ne ya ji tausayinmu ya ce Alhaji ku dawo ƙarshen wata, lokacin ne ake cika. Kansilanmu kuwa da ya sha shayi a benci ɗaya da mu lokacin kamfen, yana ce min Yaya, yanzu layinsa kullum a kashe.

Kwamitin masallacinmu tsofaffi ne, wasu ko boko ba su yi ba, amma duk Juma'ar ƙarshen wata ma'aji zai miƙe ya ce ga abin da aka tara, ga na wuta, ga na tabarmi, ga saura. Hukuma guda mai ma'aji da akanta da mai binciken kuɗi ta kasa manna takarda ɗaya a bangon sakatariya ta ce wannan watan nawa ya zo daga Abuja, nawa aka tara a kasuwa, kwalbati kaza ya ci nawa? Ko a allon makaranta ne a rubuta da alli mana, za mu je mu karanta.

Mai rasit ɗin na safe dai na biya shi a ƙarshe, don maƙwabcina da ya yi taurin kai bara kan kekensa suka cire suka tafi da shi ana saura mako biyu sallah, sai da ya biya tara kafin ya karɓo. Rasit ɗin yau ma na cusa a leda. 'Yan layi kuma an ce in sanar, ranar Asabar bayan asuba akwai aikin gayya a bakin kwalbati, kowane shago naira 500 na hayar baro, mai shebur ya zo da shebur ɗinsa.