Lamba 138 ba kuskuren kurma ba ce

A saman shafin farko na sonatar piyano ta 29 (dogon kiɗa mai kashi-kashi) ta Beethoven, Bajamushen mai tsara kiɗa, wadda ake kira Hammerklavier, akwai lamba 138. Bugu 138 ke nan a minti ɗaya, bisa ƙirgen mitronom, na'urar auna saurin kiɗa da wani maƙeri mai suna Maelzel ya yi wa rajista a 1815. Cikin sonatocin Beethoven 32 na piyano, wannan kaɗai ya sa wa irin wannan lamba, kuma tun da aka buga ta a Vienna a 1819 ake ta kai ruwa rana a kanta.

Yawancin makaɗa sukan rage saurin sosai. Hujjarsu ita ce mutumin ya kurmance, a ka yake jin kiɗan, ko kuma na'urarsa ce ta lalace. Ni dai wannan hujja ba ta kwanta mini ba. Wanda ya aika wa tsohon ɗalibinsa Ferdinand Ries wasiƙa har Landan don kawai a ƙara sauti biyu a farkon kashi na uku, ba mai rubuta lamba da ka ba ne.

A dubi yadda kiɗan ke buɗewa. Hannun hagu zai bugi sauti ɗaya can ƙasa, nan take ya yi tsalle ya dira kan wasu a tsakiya. In da sauri ne, makaɗi na iya dira inda bai nufa ba, shi ya sa wasu ke raba aikin tsakanin hannu biyu don su tsira. Sun tsira, amma fargabar ta tafi, alhali ita ce ran wurin. Abin da aka rubuta kamar sukuwar doki sai ya koma takun sarki.

Gaskiya ne piyanon Vienna na wancan zamani ya fi na yau sauƙin dannawa, kuma sautinsa kan mutu da wuri. A babban zaure mai amsa kuwwa, dole makaɗi ya ɗan sassauta, in ba haka ba komai ya cakuɗe. Amma sassautawa daban, sauya wa kiɗa hali daban.

Makaɗin piyano Artur Schnabel ya ɗauki sonatar a faifai a 1935, ya bi lambar iya ƙarfinsa. Yatsunsa sun zame a wurare da dama, masu suka kuma ba su raga masa ba. Duk da haka faifansa nake komawa, domin a nan nake jin mutum yana kokawa da abin da ya kusa fin ƙarfin hannunsa, numfashina na ɗaukewa tare da nasa tun daga tsallen farko.