Tsohuwar da ta mayar da falonta gidan tarihi

Tun jiya nake tunanin Margaret Burroughs, kuma na kasa yin shiru. Baƙar fata ce 'yar Amurka, an haife ta a Luwiziyana, iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa Shikago tana ƙarama, a zamanin da baƙaƙen fata ke barin kudu saboda wariyar launin fata. Ta rasu a watan Nuwamba na 2010 tana da shekara 95.

A 1961 ita da mijinta Charles da wasu abokansu suka kwashe kujerun falon gidansu da ke kudancin Shikago, suka jera hotuna da littattafai da sassaƙe-sassaƙen Afirka, suka ce wannan gidan tarihin baƙar fata ne. A gidan suke kwana, a gidan suke girki, a nan kuma 'yan makaranta ke shigowa kallo. Malamar makaranta ce, ta yi shekara 23 tana koyar da zane a sakandare, don haka ta san abin da ke cikin littattafan da ake ba yara: ba su ganin kakanninsu a ciki sai a matsayin bayi. Wannan ne ya ƙona mata rai. A 1968 aka sa wa gidan sunan DuSable, baƙin ɗan kasuwar nan da ake ɗauka shi ya fara kafa zango a wurin da ya zama Shikago, a 1973 kuma aka koma babban gini a Washington Park, wani lambun shaƙatawa a nan Shikago.

Gwamnatin Amurka ba ta buɗe nata gidan tarihin baƙar fata na ƙasa ba sai 2016. Shekara 55 ke nan tsakani. Da matar nan ta zauna jiran gwamnati, da ta mutu ba ta ga komai ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tsufanta. Mutum ya haifi 'ya'ya, ya rene su, ya kafa gidan tarihi, ai ya isa ya miƙe ƙafa. Ita kuwa sai ta riƙa zuwa gidajen yari na jihar Illinois tana koya wa fursunoni zane da rubutun waƙa, shekara da shekaru, har ƙarfinta ya ƙare. Waɗanda danginsu suka daina ziyarta, ita ta zame masu uwa. A ganina aikin duk ɗaya ne: abin da mutane suka yar, ita ta tsince shi ta adana, ko hoto ne ko ɗan Adam.

Ni dai na yarda cewa irin wannan hali na tsofaffin mata ne, ko'ina suke. Kakata ta wajen uwa, Allah Ya ƙara mata lafiya, tana da wata adaka ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai zanen saƙi na aurenta, da tasoshin tagulla da uwarta ta bar mata, da wasiƙar ajami da kakanmu ya aiko daga hanyar Makka. Kowane abu ta san wanda ya kawo shi da shekarar da aka yi fari ko aka yi yabanya mai kyau. Mu jikoki muna ce masa tarkace. Wata ƙanwata har ta taɓa cewa a ba masu gwangwan tasoshin, Hajiya ta yi kwana biyu ba ta yi mata magana ba. Yanzu na gane ita ce da gaskiya, mu ne muka yi rashin hankali.

Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan tafi gida da littafin rubutu da waya. Zan zauna a bakin gadonta in ce, “Hajiya, a buɗe mana adakar nan, ki fara mani da wasiƙar.”