Allunan tallan nan masu haske suna kashe mana ido da daddare

Jama'ar Kaduna dan Allah ni kaɗai abin nan ke damu? Shekaranjiya bayan isha na taso daga Kawo zan shiga gari ta Ahmadu Bello Way, Hajiyarmu na bayan mota, unguwar duhu ƙirin an ɗauke wuta amma allon tallan nan mai kama da ƙatuwar talabijin yana ci rangaɗau, sai kawai hoton ya juya daga shuɗi zuwa fari fat, wallahi na ɗan lokaci ban ga komai a gabana ba, ashe mai keke ya tsaya sauke fasinja. Allah ne ya tsare na taka burki. Hajiya salati kawai take yi.

Ni ban ce a cire su ba, mutane na cin abinci da sana'ar. Amma hasken da aka saita don ya yi gogayya da ranar azahar shi ake bari har tsakar dare, alhali ido in ya saba da duhu ka watsa masa fari sai ya ɗau lokaci kafin ya dawo daidai, balle tsofaffin direbobi, balle lokacin hunturu da hazo ke baza hasken ko'ina, gilashin mota kuma duk ƙura. Kuma fa akwai na'urar da ke auna hasken gari ta rage na allon da kanta in rana ta faɗi, ba wani abin wahala ba ne.

Wasu sun daɗe da yin doka. A Amurka tun 2007 hukumar manyan hanyoyinsu ta ba da shawarar kowane hoto ya tsaya kamar sakan 8 kafin ya canza, ban da walƙiya ko hoto mai motsi. Faransa tun 2022 ana kashe tallan haske daga ƙarfe 1 na dare zuwa 6 na safe. Nan gida ma Legas na da LASAA, hukumar da ke kula da allunan talla, tun 2006.

To mu ma a rubuta mana a fili cikin takardar izini: iya hasken dare kaza, ban da bidiyo kusa da shataletale da gada, a kuma sa lambar waya a jikin ƙarfen allon wadda mutum zai kira ya kai ƙara. Ni dai yanzu in na doso wurin nan da daddare sauke marufin rana nake yi, in rage gudu in bi gefe a hankali.